Allura Uku

Odile Desjarlais ta bar asibiti,
yanzu tsofaffin takardu take jinya.
Duk Laraba, a laburaren Selkirk,
ita da Murdo, tsohon mai raba wasiƙu,
kan buɗe kundin fataken fata.

"Fatun dila arba'in. Taba ta ƙare.
Kogi ya daskare tun Asabar."

Murdo na farautar kufan sansani,
yana auna taswira da igiyar takalmi.
Ita kuwa layi ɗaya ya sarƙe ta:
"An ba matar ɗan jagora allura uku."

Ba suna.
Wataƙila kakar kakarta ce.

Dusar ƙanƙara ta binne motarsu a waje,
shayi ya huce.
Ta kai yatsa baki, ta tuna an hana,
ta juya shafin da busasshen hannu.