Tabarau

Ranar Lahadi a Toledo, an taso daga coci,
Delbert ya juya rasit, yana lissafi a bayansa.
"Loretta, nan ba irin gidan jiya ba ne.
Can har gabanmu aka kawo,
aka tambayi yadda muke son gashin nama.
Kashi ashirin na bayar, ban ce uffan ba.
Nan fa? Ƙafata ta kai ni wurin kaza,
hannuna ya ɗebo dankali.
Wa zan ba tukwici, gwiwata?"

Loretta ta yi gum.
Idonta na kan Marisela,
faranti goma sha ɗaya a damtse guda,
shida daga ciki nasu ne.
Sau uku ta cika masa kofi da shayi mai ƙanƙara,
ta durƙusa ta goge romon da jikansu ya kifar.
Ko kallo ba ta ishe shi ba.

Dala biyu ya ajiye,
ya danne da kwalbar gishiri.

A bakin ƙofa Loretta ta dafa jaka,
wai ta manta tabarau.
Yana nan a goshinta.
Ta koma.