Kafin Dashe

Kawu Ɗalhatu ya kifa bokiti ya zauna.
Gwiwarsa ta ƙi garma tun bara,
bakinsa dai bai ajiye aiki ba.
Ni ne hannunsa yau,
ni da na shekara ashirin ina buga takardu a Kongo,
tafina da laushi kamar na mai jego.

Galma ta janye, ta bar mana laka a Dakace,
baƙa, duk ta tsattsage kamar faso.
Na kafta sau ɗaya,
hoge ya tashi kamar kan jaki.
Ya ce, "Fasa shi. Albasa ba ta kokawa.
Rogo ne ke ture dutse ya wuce.
Ita in ta ji tauri tsukewa take yi,
ta ba ka lawashi, ta hana ka kai."

Na fasa.
Na juya ƙeyar fartanya na bi su ɗaya ɗaya
har hantsi ya dubi ludayi.
Na tsince jiji da 'ya'yansa,
ƙiri-ƙiri mai jijiya kamar bashi,
ledar da ambaliya ta kawo daga kasuwar wani,
murfin kwalba, silifa wari guda,
sai wani guntun ƙarfe da tsatsa ta cinye.

Ya miƙo hannu, ya juya shi, ya daɗe.
"Ruwan hauyar ubanka ne.
Ranar sunanka ta karye,
ya bar ta nan ya tafi yankan rago."
Bai ƙara ba. Ya jefa shi aljihu,
ya nuna mini buhu da haɓa.

Bara na yi gaggawa,
na zuba ɗanyen kashin kaji,
iri ya ƙone tsaye kamar an bi shi da ashana.
Bana na awaki ne,
wanda ya ga damina biyu a gindin mangwaro,
ya huce, ya bar wari, ya koma ƙamshin yayyafi.
Da tokar murhun Gwaggo Hansai kwano shida,
da ɓuntun shinkafa, don ƙasa ta sami hanci.

Na cakuɗa har kafaɗata ta daina zama tawa.
Ya ce in damƙo masa.
Ya dunƙula, ta tsaya,
ya taɓa da ɗan yatsa, ta watse.
Ya kai hanci, har ya ɗan lasa.
"To," in ji shi.
A wajen Kawu, wannan kirari ne.

Muka ja fangali, taku huɗu da taku biyu,
na baje da allon katako, na rantse ya daidaita.
Ya ce a tada inji.
Ruwa ya shigo a hankali kamar baƙo,
ya tsallake gabas, ya taru a kusurwar yamma.
Kawu ya yi dariya har da tari:
"Ruwa ba ya karɓar goro, ɗana.
Inda ka yi ha'inci, nan zai zauna."

Na sake.

Mutane na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba.
An sha faɗa mini, a gabana da bayan idona.
Yau da la'asar, laka har gwiwa,
kanta biyu ta fashe a tafina,
na tambaye shi halin wa take yi.
Ya dubi irin da ke jira a gefe,
tsirara, kore, kamar allurai.
"Na ƙasa," ya ce.
"Bar ta ta sha iska kwana bakwai.
Ɗauko mini sandata."