Baba Ya San Itatuwa

Da la'asar sakaliya muka fito, ni da Baba.
Zafin Tibilisi ya fara sassautawa
kamar mai bin bashin da aka ba shi rabi.
Hannunsa a kafaɗata, ba nauyi,
sai ka ce tsuntsu ne ya sauka.

A unguwar Sololaki inabi ya yi wa baranda rumfa,
'ya'yan sun yi baƙi, zanzaro na shawagi.
Tsiala ta leƙo daga bene tana shanya,
ta ce, "Guram, ka yi wuyar gani!"
Ya ɗaga hula, ya yi mata murmushi.
Muna shan kwana ya raɗa mini, "Wace ce?"
Shekara arba'in suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya.

Amma ɓauren bayan gidan burodi
bai ɓace masa ba.
Ya tsaya, ya shafa jikinsa,
ya ce na bana ba su kai na bara girma ba.
Na duba. Da gaskiyarsa.

A lambun birni ciyawa ta yi ja,
ganye ɗai-ɗai na faɗowa tun ba a kira su ba.
Tsofaffi biyu na dara a kan benci,
kowa na zargin ɗan'uwansa da maguɗi.
Yara sun jiƙe sharkaf,
uwarsu na ƙirga kwanakin komawa makaranta.
Mai kankana ya karya farashi, ya gaji da ita.

Muka zauna, na fasa rumman, ashe bai gama nuna ba.
Tsami ya sa shi runtse ido, ya tuntsire da dariya,
irin tasa ta da, mai girgiza kafaɗa.
Sai ya kira ni da sunan mahaifiyata.
Na amsa.
Me gyara zai ƙara mana, ga rana na faɗuwa?

Kogi ya janye, duwatsu sun fito fili.
Iska ta gangaro daga tsaunuka da ɗan sanyi a bakinta,
na yafa masa rigar da ya rantse ba zai sa ba.

A komawa shi ya ja gaba.
Bai san sunan titi ba, balle lambar gida,
itatuwa ya bi:
rumman, sai ɓaure, sai inabin Tsiala,
har ƙofarmu.

A aljihunsa na tarar da ɓaure uku, duk sun fashe.
Ya ce na Lamara ne,
in ajiye mata kafin ta dawo.