Sakin Layi na Tara

Na fito Kongo da baƙar riga,
Inna ta ɗauka ɓarayi zan kare.
Sai ga ni cikin kundin kasafi
ina bin sawun naira.

Sakin layi na tara ya ce
an haƙa burtsatse a Dakace.
Na je. Akuya na tarar kwance a wurin.
Na rubuta shafi sha ɗaya,
ba wanda ya tafa.

Asabar ta ƙungiya ce:
jera kujeru,
bin Barista Tanimu bashin kuɗin wata,
koya wa sababbi ɗaura kwala.
Ko sisi.

Jiya Inna ta kira:
"Uwani, wai ruwa ya zo Dakace.
Ke kuma yaushe za ki fara aikin lauya?"