Kogin da Aka Binne da Ransa

Ƙarfe biyar na asuba, Sheffield ba ta farka ba.
Gwenda ta miƙo mini takalman roba masu kaiwa ƙirji,
na marigayi mijinta ne, sun yi mini yawa.
Sai da ta karanci sama kafin ta ce uffan:
"Ko ɗigo ɗaya ya sauka, Tanimu, gida za mu koma.
Ramin nan ba ya jin ban-haƙuri."

Muka sunkuya inda kogi ke shigewa ƙarƙashin gari
sumui-sumui, kamar wanda ya hango mai binsa bashi.

Sanyi ya fara gaishe ni a gwiwa.
Wari ya biyo: tsatsa, gansakuka,
da wani abu da hancina ya ƙi faɗin sunansa.
Tocila ta lashi bango.
Jan bulo ne, jere bisa jere, ya lanƙwaso ta kanmu
kamar haƙarƙarin dabbar da ta riga ta haɗiye mu.
Ga keken sayayya, ƙafafu a sama.
Ga takalmin yaro, wari guda.
Ga wuƙa ba ƙota, ta tsince ta, ta goge a hannun riga.
Kakanta, in ji ta, da wasa irinsu ya ciyar da 'ya'ya tara
har ƙurar dutse ta cinye masa huhu.

Jirgin farko ya wuce ta samanmu.
A haƙorana na ji shi.

Can ciki rufin ya buɗe, ya yi tsawo,
tari ɗaya na yi, ya dawo mini sau uku.
Nan ta kafa kyamara bisa ƙafafunta uku a tsakar ruwa.
"Zan buɗe idonta minti guda.
Kai kuma yi ta tafiya, kana shafa wa bango haske.
Kada ka tsaya. Wanda ya tsaya shi take kamawa."

Na tafi ina shafe, kamar mai yaɓe,
ina ƙirge cikin harshen da na sha a nono,
ashirin da ɗaya, ashirin da biyu,
sai ga babana a wajen talatin.
Haƙar rijiya ya yi a ƙauyukan Kazaure,
igiya a ƙugu, dagi a hannu.
Ya taɓa ce mini daga gindin rijiya
sama ba ta fi kwabo girma ba,
kuma ba a taɓa kiran sunansa yayin shan ruwa.
Ni da na rantse ba zan gaji rami ba,
na ƙetare teku, na yi karatu,
ga ni tsamo-tsamo a ƙarƙashin ƙasar wasu,
ba ko sisi a ciki.

Muka haɗa kai bisa ɗan gilashin.
Kowane bulo ya fito, har zanen yatsa a jikin siminti.
Ruwa ya zama madara.
Ni kuwa, da na ratsa hoton daga gefe zuwa gefe,
babu ni.
Sai wani ɗan hayaƙi a hagu, in ka ƙura ido.

Gwenda ta haska alamar allin da ta yi a bango.
Ruwa ya haye ta da faɗin yatsa biyu.
Ba ta yi magana ba, ta naɗe ƙafafun kyamara.
Ban san tsohuwa na da sauri haka ba.

A waje yayyafi ne kawai, irin wanda ko lema ba a buɗe masa.
Mutane na jiran bas, kofi a hannu,
kogi na gudu ƙarƙashin tafin ƙafarsu.

Da dare na tura hoton a wayar ƙanena Sagir,
ya kai wa tsoho har shimfiɗa.
Saƙon murya ya zo, da kukan akuya a bayansa.
Bai tambayi me ya kai ni ba.
Ya yi shiru, har na zaci layi ne ya yanke,
sannan ya ce:
"Aikin hannu ne wannan.
Tambayar mini matar,
su nawa suka shiga, su nawa suka fito?"