Kujerar Bakin Ƙofa

Kowace Lahadi a Bradford,
a ɗakin da muke haya saman shagon tela,
kai kake riga kowa zuwa, Tanimu.
Ka kunna hita, ka jera kujeru,
sannan ka ɗauki ta bakin ƙofa,
inda sanyi ke shigowa.

Mu kuwa bakinmu ba ya gajiya.
Barau da zancen kuɗin haya,
Lantana da karatun yara na Asabar,
ni da gardamata marar ƙarshe.
Sau biyu na ga leɓenka ya motsa,
sau biyu wani ya riga ka,
ka kora maganar ciki da kurɓin shayi.

Shekara tara kana tuƙa bas a garin nan.
Ka san tashar da tsofaffinmu ke tsayuwa cikin ruwa,
ka san wanda ya daina fitowa tun hunturu.
Wa zai faɗa mana in ba kai ba?

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Gaskiya ne.
Amma naka ya cika.
Ba sai da azanci ba,
ko muryarka ta yi rawa, mu ji.

Yau na kama bakina.
Na jawo kujerarka tsakiya.
Barau ma ya yi alkawarin shiru,
ko da yake ba na rantsuwa a kansa.

Ga mu nan.
Ruwa yana bugun taga,
shi kaɗai ke magana.
Bismilla, Tanimu.