Kofin Wilf a Kan Ƙusa

Ƙauyenmu a cinyar tudu yake, can arewacin Yorkshire,
gida arba'in, coci ɗaya, tumaki sun fi mutane yawa.
Mashayarmu ɗaya ce, Gurguwar Agwagwa.
Ƙofarta gajeriya, dogo sai ya sunkuya.
Enid ta ce da gangan magabata suka yi ta haka,
don mai shigowa ya ajiye girman kansa a waje.

Ni ne mai wanke kofuna, ni ke sauka ɗakin ƙasa,
inda ganguna ke kwance cikin sanyi kamar shanu masu tuƙa.
Giyar nan rai gare ta, a cikin ganga take ƙarasa nuna.
In mota ta sauke ta, sai mu ƙyale ta kwana uku ta huce,
don jijjigar hanya tana ɓata mata rai.
Ranar huɗu Enid ta ɗiba, ta ɗaga wajen taga,
in ta ga rana ta cikinta, to, ta isa sha.

Famfon hannu ne, ja uku.
Na farko da ƙarfi, na biyu a hankali,
na uku kamar mai rufa wa jariri zane.
Kumfa kaurin yatsa, ba ƙari ba ragi,
ƙamshin sha'ir a gaba, ɗaci na biye da sanɗa.
Wani baƙo daga Leeds ya ce ba ta yi sanyi ba.
Enid ta ce, "Ɗana, ƙanƙara na nan waje kyauta."
Ya yi dariya, ya zauna, sai da ya sha uku.

Ba talabijin, ba kiɗa.
Sai ƙarar domino a kan tebur, itace na fashewa a murhu,
kare ya miƙe ƙafafu, rigar ulu tana tururi,
Hubert da Clive na musu kan farashin rago
tun shekarar da aka haife ni.

Ƙarfe bakwai Wilf Alderson ke shigowa.
Kofinsa na kuza yana rataye a ƙusa ta uku.
Tun da matarsa ta rasu, maganarsa ta zama awo:
"Yamma." "Kamar kullum." "Sai gobe."
Enid ba ta taɓa tambayarsa yaya zuciya ba.
Takan dai tura kujerarsa kusa da wuta da ƙafa,
kamar ba da niyya ba.

Daren wata Talata dusar ƙanƙara ta rufe hanya.
Bakwai ta buga. Bakwai da kwata.
Enid na goge kanta, idonta na kan ƙusa.
Da rabi ta yi, ta ajiye tsumman,
ta jefa tawul a kan famfo.
"Ba wanda zai ƙara kurɓa sai na ga Wilf."

Mu shida muka fita da fitilu, kare a gaba.
A bayan garkensa muka same shi, katanga ta zame da shi,
ƙafa a karye, gemu ya daskare,
tunkiya biyu sun raɓe shi suna ba shi ɗumi.
Da muka ɗaga shi a kan tsohon ƙyaure, ya buɗe ido,
ya ce, "Na makara ko?"

Mako tara kofin yana kan ƙusa.
Kullum ina sauke shi, in wanke, in mayar,
ko da yake ba wanda ya sha da shi.
Ranar da ya dawo da sanda, ba wanda ya tafa.
Hubert ya matsar da gwiwa, domino ya ci gaba.
Enid ta ja uku, ta ajiye a gabansa.
Ya kurɓa, ya daɗe bai ce komai ba.
"Sabuwar ganga ce?"
"Tun jiya."
"Da kin ƙara mata kwana ɗaya."